Duwatsun Damagaram da Ruwan Shanmu

Hirarmu ta yau a kan dutse take. Duk wanda ya shiga Zinder ya ga manyan duwatsu a unguwar Birni, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. Daga ina suka fito? Don me mai haƙar rijiya yake shan wuya a nan? Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Ƙasar da muke takawa ɓawo ce. Kaurinta ya kai wajen kilomita 35. Can ƙarƙashinta akwai dutse mai zafi ƙwarai. Saboda zafi ya yi taushi, yana motsi sannu sannu. Ɓawon kuma ba ɗaya ba ne. A tsage yake, kamar ƙwaryar da ta fashe. Manyan sakainunsa guda 7 ne, akwai kuma ƙanana. Afirka tana bisa sakaina ɗaya. Kowace shekara tana nisa da Amurka ta Kudu da wajen santimita 3, wato faɗin yatsu biyu. Kaɗan ne, amma sannu ba ta hana zuwa.

A bakin sakainun nan ne abubuwa uku suke faruwa.

Na ɗaya, in biyu suka yi karo, ƙasa takan tattare ta yi sama, kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu. Haka duwatsun Atlas na Maroko suka tashi.

Na biyu, in suka maƙale, sa'an nan suka kuɓuce farat ɗaya, sai ƙasa ta girgiza. A shekarar 2023 girgizar ƙasa ta kashe mutum kusan 3,000 a Maroko. Mu a Nijar muna tsakiyar sakaina, nesa da baki. Shi ya sa babbar girgiza ba ta cika zuwa mana ba.

Na uku, in narkakken dutse ya sami kafa, sai ya ɓullo waje. Shi ne dutse mai aman wuta. Yakan ɓullo har a tsakiyar sakaina. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000. A Azbin akwai waɗanda suka mutu tuntuni, amma har yanzu ruwan zafi yana fitowa a Tafadek, arewa da Agadas.

To, mu komo gida. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, tsofaffin sakainu sun yi karo a wannan yanki. Duwatsu masu tsawo suka tashi. A ƙarƙashinsu dutse ya narke, ya huce a hankali, ya daskare. Sunansa giranit. Wajen shekara miliyan 300 da suka wuce, narkakken dutse ya sake tasowa a Zinder da Muniyo. A wajen Gure har ya fito fili. Daga baya ruwan sama da iska suka cinye na bisa, suka bar gindin. Ruwa ya bi tsagogi, ya ci kusurwoyi, duwatsun suka zama mulmulallu. Su ne muke gani yau. Wutarsu ta mutu, babu abin tsoro.

Amma sun bar mana wahala ɗaya. Ku zuba ruwa bisa rairayi, zai shanye, ya ɓoye shi. Ku zuba bisa dutsen niƙa, zai gangare. Giranit kamar dutsen niƙa yake. Ba ya riƙe ruwa sai cikin tsaga, ko inda ya ruɓe. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai a 1926. Shi ya sa kuma aka nemo wa gari ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza a arewa. Mata da ƴan ga-ruwa sun fi kowa sanin zafin wannan lamari in bazara ta yi.

Me za mu yi da wannan sani? Ga shawara uku.

Kafin ƙauye ya tara kuɗin rijiya, a kira ma'aikatan ruwa su auna wurin. Suna da na'urar gano tsaga. Taki kaɗan ne tsakanin rijiya mai ruwa da busasshen rami.

A tare ruwan damina kada ya gudu. A jera duwatsu a gona, a gyara tabki, a dasa itace. Ruwan da ya tsaya shi ne yake nitsewa ya cika tsagogi.

A nisanta salga da juji daga rijiya. Ruwan da ke bisa dutse ba shi da zurfi, ƙazanta takan riske shi da sauri.

Ga tambayoyi biyu, ku tattauna da malaminku. Gaba nawa ne zurfin rijiyar garinku? Me aka tarar a gindinta, rairayi ko dutse? Ku tambayi tsofaffin mahaƙa, ku rubuta amsa.

Sai sati mai zuwa. Ku huta lafiya.