A Faɗa Wa Baƙo Abin Da Ke Cikin Tukunya

 Iyayena mata masu sauraro, uwargida da amarya, sannunku da aiki. Na san yanzu wata tana tsintar shinkafa, wata ta aika yaro inji da alkama, wata kuma tana lissafin kuɗin man gyaɗa tana tsaki. Allah Ya hore mana. A ɗan rage wutar murhu a ba ni aron kunne, don zancen yau na tukunya ne.

Salla ta ƙarato, kuma a nan ne ake fito da girkin gado, wanda ba kullum ake ganinsa ba: funkaso da miyar taushe, waina, sinasir, alkaki, dubulan, nakiya, dambun nama. Kowane gida da hannunsa. Akwai gidan da in aka aiko da taushensu, ko ba a faɗi daga ina ba, kina buɗe kwano kin gane, domin haka kakarsu take yi, haka uwarsu ta yi. To wannan kwanon ba a cikin gida yake tsayawa ba. Yana tsallaka katanga, ya shiga gidan maƙwabci Bayarabe, ya shiga gidan Maman Bulus, ya je wa abokin aikin maigida, ya je wa surukar da ke fama da hawan jini. Haka muka taso muka gani a Jos da Kafanchan da Zariya da Yola: ran Salla kwano ya tafi, ran Kirsimeti kwano ya dawo da shinkafa da kaza da cincin. A Kaduna, tun bayan rikicin shekarar 2000 da ya raba gari, wasu suka koma arewacin kogi wasu kudanci, tafiyar kwanon ta yi nisa, amma ba ta tsaya ba. A Sabon Tasha ma, Fasto Yohanna Buru ya daɗe yana karɓar baƙi Musulmi ranar Kirsimeti, a zauna a ci tare. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana.

Abin da ya dame ni guda ɗaya ne, kuma za ku ji ina ta maimaita shi har ku gaji da ni. In za ki ba mutum abinci, ki faɗa masa abin da ke ciki.

Mu fara da gyaɗa, tunda ita ce ba ta da inda ba ta shiga. Tana cikin taushe, an niƙa ta an dama da kabewa har ba a ganinta. Tana cikin yajin da kike barbaɗa wa tsire da ɗanwake, saboda ƙuli-ƙulin da aka daka a ciki. Tana jikin kilishi, tana cikin kunu. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta sam. Yaro ya ci loma biyu, sai ƙaiƙayi, sai borin jini, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Ba tsirfa ba ce, ba kuma iyayi ba ne na 'ya'yan 'yan boko, kamar yadda nake jin wasunku suna faɗa. In kin ga haka ta faru a gidanki, kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara, kada ki tsaya neman wanda ya yi masa baki. Asibiti, nan take. Amma me ya kai mu can tun farko, alhali kalma ɗaya ta isa? “Maman Bulus, da gyaɗa a miyar nan.” Shi ke nan fa.

Na san abin da wata za ta ce. Ai sirrin gidanmu ne, Hajiya Babba ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da take sa wa miyarta ba, ko kishiyarta har ta rasu ba ta gano ba. To Hajiya, riƙe sirrinki. Ba wanda ya ce ki faɗi yawan abin da kike zubawa, ko a wane lokaci kike jefa yakuwa, ko yadda kike turara naman. Nan ne gwanintar take, ba mai ƙwace miki. Sunan abin da ke ciki kawai ake nema, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga kanwa. Iyayenmu suna sa ta a ɗanwake, a wake, a miyar kuɓewa, har a kwaɓin alkaki, kuma suna da dalilinsu. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wajen mai hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka rubuta kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta yawansa a yankin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Wannan a gidanmu aka gani, ba a Turai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Yanzu ki duba tukunyarki ta Salla: ga gishiri, ga kanwa, ga dunƙule kin ɓare guda takwas kin watsa. Kuma bari in ɗan yi faɗa a nan. Wannan dunƙulen ba ya cikin gadon. Kakarki da daddawar kalwa ta yi suna, da daddawar batso, da albasa da ƙashi mai ɓargo da ta bari ya dahu tun hantsi. Ke ce kika ƙara, sannan kina cewa girkin kaka ne. In surukarki mai hawan jini ce, ki ɗebar mata tata miyar a ƙaramar tukunya kafin ki zuba waɗannan abubuwa. In kuwa kin riga kin zuba, to ki faɗa mata, ta san iya abin da za ta taɓa.

Sai mai ciwon suga, wanda shi ne ya fi shan wahalar karamcinmu. Dubulan a ruwan sukari ake tsoma shi, alkaki haka, nakiya da zuma. Baƙo ya ce ya gode, ke kuma ki ce wallahi sai ya ci, ai Salla ce, guda ɗaya ba ta kisa. Kunya ta sa ya ci uku, ya koma gida ya kwana yana zarya bayi. Don Allah a daina rantse wa baƙo a kan abinci. In ya ce a'a, a kawo masa nama da ganye da ruwa, zoɓon ma a ware masa wanda ba a sa sukari ba. Zuma kuma, ko ta cikin nakiya ce, ba a lasa wa jaririn da bai shekara ba, likitocin yara sun hana.

To mu zo kan addini, inda mutane suke jin nauyin magana, alhali nan ne ya fi sauƙi. 'Yan'uwanmu Kirista da yawa a Arewa sun daɗe da warware wannan: ran jajibirin Kirsimeti sai a kira maƙwabci Musulmi ya yanka kaza ko akuya, don kowa ya ci hankali kwance. Al'ada ce mai kyau, a riƙe ta. Abin da zan ƙara shi ne tukunya da ludayi. In gidan ana dafa naman alade, a ware wa abincin baƙi tukunyarsa da mansa. Kek ɗin Kirsimeti kuma, irin mai busassun 'ya'yan itacen nan, wasu da giya suke jiƙa shi, haka suka gada. Ba a ce ki canza girkin mahaifiyarki ba, Madam, amma ki faɗa kafin ki yanka wa maƙwabciyarki. Mu ma Musulmi da namu. Akwai Kiristan da ke cin naman layya da murna, akwai wanda ba ya ci, saboda haka a ce masa na layya ne, in ya karɓa madalla, in ya ce a bar shi kada a ɗaure fuska. 'Yan Katolika ba sa cin nama ranakun Juma'a a lokacin azuminsu na kwana 40, kuma azumin nan yakan haɗu da namu: a 2025 mun fara Ramadan ranar 1 ga Maris, su suka fara nasu ranar 5, muka yi Ƙaramar Salla ranar 30 ga wata suna tsakiyar azumi. In ragowar naman Salla ya kai Juma'a, kin ga sai a aika da waina da miyar ganye. 'Yan cocin Asabar, irin na wajen Jengre a Filato, ba sa cin alade, ba sa cin kifi marar ɓawo irin su tarwaɗa. Sauran hukunce-hukunce na malamai ne da fastoci, ni tawa ita ce a faɗa, a kuma tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Wani abin da ke ɓata lamarin shi ne ɗan aike. Kin shirya langa, kin rufe da kyakkyawan faifai, kin ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai a ka. Shi hankalinsa yana kan goron Salla da za a ba shi da hawan da zai je kallo. Ya isa ƙofa, ya dire, ya ce “wai in ji Umma ga shi”, ya miƙa hannu. Duk bayanin da kika yi masa ya zube a hanya. Ke da waya a hannunki dare da rana, kina kallon bidiyon bikin mutanen da ba ki sani ba, minti ɗaya na kiran maƙwabciya ne ya gagare ki? Ki kira, ko ki tura saƙon murya, ko ki taka da kanki, wanda shi ya fi.

Af, tunda na ambaci waya. 'Yan matanmu, ku ne nake so ku ji wannan. Girkin gadon nan da muke taƙama da shi, a kan tsofaffi yake, ba a littafi ba, kuma tsofaffin tafiya suke yi. Ki zauna kusa da kaka ranar da take alkaki ki zuba ido. Za ki ga alkamar ɓarzawa aka yi, ba a niƙa ta luƙui ba. Za ki ga ta murza ta da mai a tafin hannu har ta yi washar-washar, ta zuba nono mai tsami, ta rufe ta bar kwaɓin ya kwana. Da safe ta gutsuro, ta mulmula a kan faifai, ta naɗe shi ta harɗe, ta saka a mai da wuta kaɗan-kaɗan don cikin ya soyu, sannan ta tsamo ta jefa a ruwan sukarin da ta dafa da tsamiya. In kin tambaye ta awo, cewa za ta yi “ɗan kaɗan” ko “yadda ido ya ba ki”. Kada ki yarda. Kafin ta zuba, tara mata gwangwanin madara ko cokali, ki auna, ki rubuta. Ki kunna wayarki ki naɗi muryarta, da izininta. Za ta yi miki tsiya, ta ce ku 'yan zamani komai sai da biro, ki yi dariya ki ci gaba. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma wanda bai san abin da ke cikin girkin gidansu ba, me zai faɗa wa baƙo in an tambaye shi?

In maƙwabciya ta ce ki koya mata, ki koya mata. Gurasar da Kanawa ke alfahari da ita a yau, Larabawa ne suka zo da ita ta hanyar fatauci, da sun ɓoye da ba mu san bandashe ba. Ke ma ki roƙi Maman Bulus ta nuna miki gwaten acca irin na mutanen Filato, ba faɗuwa ba ce.

Maigida, kai ma ban bar ka ba. Kai ne kake gayyato mutane ba ka faɗa a cikin gida ba sai sun yi sallama. Ka san abokinka yana shan maganin hawan jini, ka san yaronsa ba ya cin gyaɗa, ka yi shiru, sai an shimfiɗa tabarma ka fara “af, na manta”. Ka faɗa tun ana cefane. Sannan abincin da aka dafa tun asuba kada a bar shi a buɗe cikin zafin nan har la'asar ana ɗiba, masana sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. A mayar da shi wuta ya tafasa sosai kafin a zuba wa baƙon yamma.

Lokaci ya ƙure mana, ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Uwargida, yau da daddare kafin ki jiƙa shinkafar waina, ki lissafa gidajen da kwanonki zai shiga, ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki tambaya ko akwai abin da wani ba ya ci. Allah Ya kai mu Salla lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci in Allah Ya yarda. A huta lafiya.