Wa Ke Riƙe da Mukulli? Mace, Kaɗaici da Hukuncin Hauka a Wasu Fitattun Ayyukan Adabi



Gabatarwa

Wanda ya yi nisa a karatun ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo na Turai da Amurka, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, zai yi ta cin karo da wata irin mace. Tana cikin gida, ga mutane kewaye da ita, amma babu mai jin ta, kuma ƙarshenta hauka ne ko mutuwa. Manazarta sun daɗe da lura da ita, musamman Sandra Gilbert da Susan Gubar a littafinsu The Madwoman in the Attic na 1979. Wannan takarda ta ɗauko ayyuka biyar, ta yi wa kowanne tambaya biyu: wa ya rufe matar, kuma daga bakin wa muka ji cewa ta taɓu? Matsayina shi ne, a waɗannan ayyuka rashin mai saurare ke fara cin mace, taɓin hankali ya biyo baya.

Bertha: wadda ba a ji muryarta ba

A cikin Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, attajiri Rochester ya kulle matarsa Bertha Mason a bene na uku na gidansa, Thornfield, kusan shekara goma, ya ɗauki wata mata, Grace Poole, ta riƙa gadinta. Daga farkon littafin har ƙarshensa Bertha ba ta furta kalma ko ɗaya da mai karatu ya ji ba. Dariyarta muke ji, da gurnani, da labarin wutar da take cinnawa. Tarihinta kuwa kusan dukkansa daga bakin Rochester ya fito, a daidai lokacin da asirinsa ya tonu yana neman yin wani aure a ɓoye. Shi da kansa ya faɗi cewa fam 30,000 da ta zo da su daga Jamaika ne suka sa mahaifinsa ya haɗa auren. A dokar Ingila ta wancan zamani dukiyar mace na komawa hannun miji da zarar an ɗaura aure, sai dokokin 1870 da 1882 suka sauya hakan. Ke nan mai shaida a kan haukarta shi ne mai cin dukiyarta, shi ne kuma mai riƙe da mukullin ɗakinta. Wannan giɓi Jean Rhys, 'yar tsibirin Dominika, ta cike a 1966 da Wide Sargasso Sea, inda ta ba matar suna Antoinette, ta bar ta ta faɗi nata.

Magani da ya zama cuta

Gajeren labarin Charlotte Perkins Gilman, The Yellow Wallpaper, na 1892, ya fi tayar da hankali, domin mijin da ke cikinsa ba mugu ba ne. John likita ne, yana son matarsa, yana yi mata magana da tausasawa. Ta shiga damuwa bayan haihuwa, sai ya kai ta wani gida a bayan gari, ya zaɓa mata ɗaki mai tagogi da ƙarafa, ya hana ta aiki, da rubutu, da ziyarar dangin da take marmari. Duk lokacin da ta ce jikinta na ƙara lalacewa, sai ya ce shi likita ne, ya fi ta sani. Da ta rasa abin yi, sai ta koma kallon zanen takardar bango har ta fara ganin wata mata a bayansa tana neman fita. Gilman ta san abin da take faɗa: a 1887 Dakta Silas Weir Mitchell na Philadelphia ya yi mata irin wannan magani na tilasta hutu. Gwanintar labarin ita ce matar ce ke ba da shi ta hanyar rubutun da take yi a ɓoye, don haka mai karatu na ganin yadda hankalinta ke zarewa shafi bayan shafi, alhali mijin na murnar ta samu sauƙi.

Hedda: ba kowace mai rauni ce saliha ba

Kada a ɗauka duk waɗannan mata bayin Allah ne da aka zalunta kawai. Hedda Gabler, a wasan Henrik Ibsen na ƙasar Norway na 1890, tana da mugunta. Ta ƙona rubutun littafin wani marubuci, Løvborg, ta miƙa masa bindigar mahaifinta don ya kashe kansa. Babu wanda ya kulle ta da kwaɗo. Sai dai a lura, Ibsen ya tsare dukkan kashi huɗu na wasan a falo guda, hoton mahaifinta Janar Gabler na rataye, kuma ya sa wa wasan sunan gidansu, ba na mijinta Tesman ba. Ɗiyar janar ce da ta tashi da hawan doki da harbi, aure ya bar ta ba aiki sai jiran baƙi, tsoron abin kunya kuma ya hana ta faɗa wa kowa abin da ke ranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bayan mutuwar Løvborg, Alƙali Brack ya gane bindigar, ya nuna mata daga yau tana tafin hannunsa. Ta shiga ɗakin ciki ta harbe kanta. Ibsen bai wanke ta ba, amma ya nuna inda ƙarfin da aka hana wa mafita yake fashewa.

Blanche: gaskiyar da aka ƙi ji

A wasan Tennessee Williams, A Streetcar Named Desire, na 1947, Blanche DuBois ta sauka gidan ƙanwarta Stella a New Orleans bayan ta rasa gidan gado, ta rasa aikin koyarwa, mijinta kuma ya kashe kansa tun suna yara. Tana shan giya a ɓoye, tana ƙarya a kan shekarunta da tarihinta. Wannan ƙaryar ce ta zame mata tarko. A daren da Stella ke asibiti wajen haihuwa, mijinta Stanley ya yi wa Blanche fyaɗe. Blanche ta faɗa, Stella ta zaɓi ƙin yarda, domin in ta yarda zamanta da Stanley ya ƙare. Likita da ma'aikaciyar jinya suka zo suka tafi da ita gidan mahaukata, mazan gidan na kartarsu. A nan hukuncin hauka ya yi wa kowa amfani ban da ita.

Ramatoulaye: kaɗaici mai ƙofa

Misali na biyar daga maƙwabtanmu ne. Une si longue lettre na Mariama Bâ ta Senegal ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatoulaye, malamar makaranta a Dakar mai 'ya'ya 12, mijinta Modou ya auri ƙawar 'yarsu ya yi watsi da ita, daga baya ya rasu. Tana zaman takaba na wata huɗu da kwana goma, ita ma a killace take. Amma tana da alƙalami, tana da albashinta, tana da addu'arta, tana kuma da aminiya, Aissatou, wadda take rubuta wa duk abin da ke cin ta. Ta yi zaman takabar da hankalinta, har ta iya ƙin tayin auren Tamsir, ɗan uwan mijinta, baki da baki. Abin da matar John ta nema aka hana ta, shi Ramatoulaye ta samu.

Kammalawa

Bertha an hana ta magana, matar John an hana ta rubutu, Hedda tsoron bakin mutane ya rufe mata baki, Blanche ta yi magana ba a yarda ba, Ramatoulaye ta samu mai saurare ta tsira. Kirana ga ɗaliban adabi shi ne, duk inda marubuci ya kawo mace aka ce ta haukace, ko a littafin Turanci ne, ko a littattafanmu na Hausa da finafinanmu, kada mu karɓi hukuncin kai tsaye. Mu binciki wanda ya yanke shi, da abin da zai samu, da ko an taɓa barin ita matar ta faɗi nata.