Amsar Tambaya: Mece Ce Ma'anar Hotunan Da Ke Jikin Tagogin Coci?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai fataucin albasa zuwa kudu. Ya ce a wata tafiya ya ga wani babban coci wanda tagoginsa duk gilashi ne mai launi-launi, ga hoton ɗan rago, ga kurciya, ga wani dattijo riƙe da makullai. Shi ne yake so a yi masa bayani, shin ado ne kawai, ko kuwa akwai abin da ake nufi?

To Alhaji, ado ne, amma ba ado ne kawai ba. Wannan al'ada daga ƙasashen Turai ta taso, a zamanin da yawancin mutane manoma ne da masu sana'ar hannu waɗanda ba su iya karatu ba. Littafi kuwa da hannu ake rubuta shi a kan fata, sai mai hali ke mallakarsa, kuma da Latinanci yake, harshen da talaka ba ya ji. Tun wajejen shekara ta 600 Fafaroma Giregori ya rubuta wa wani bishop na birnin Marsai cewa kada a farfasa hotunan coci, domin abin da rubutu ke yi wa mai karatu, shi hoto ke yi wa wanda bai yi karatu ba. Da aka gwanance wajen aikin gilashi, sai taga ta zama allon karatun jama'a.

Shi ɗan ragon da ka gani, Yesu Almasihu ake nufi, wato Annabi Isa. A cikin Linjila Yahaya Mai Baftisma ya kira shi Ɗan Rago na Allah, domin Kirista sun gaskata cewa ya ba da ransa hadaya saboda zunuban mutane. Kurciya alamar Ruhu Mai Tsarki ce, saboda labarin saukowarsa da siffar kurciya a lokacin da aka yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun. Amma in ka ga kurciyar da ganye a baki, to wannan ta jirgin Nuhu ce, mai kawo albishir cewa ruwa ya janye. Dattijo mai makullai kuwa Bitrus ne, babba cikin almajiran Yesu, wanda aka ce an danƙa masa makullan mulkin sama. Mai riƙe da takobi Bulus ne, don da takobi aka kashe shi a Roma. Ka ga ke nan ba da fuska ake gane su ba, da abin da ke hannunsu ne, kamar yadda za ka gane mahauci a kasuwa da wuƙarsa, wanzami da zabirarsa. Zangarniyar alkama da nonon inabi kuma suna tuna gurasa da ruwan inabi na jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa.

In ana son ganin inda wannan sana'a ta kai maƙura, sai a tafi wani gari da ake kira Shartar a ƙasar Faransa, kimanin kilomita 90 daga birnin Faris. Gobara ta cinye babban cocin garin a 1194, aka sake gina shi, aka keɓe shi a 1260. Tagoginsa sun haura 170, kuma mafi yawansu gilashin asali ne na wancan zamani, yau shekara wajen 800 ke nan. Daga ƙasa ake fara karanta tagar a yi sama, gida-gida, kamar mai hawa tsani.

Abin da zai ba ka sha'awa Alhaji, shi ne gidan farko na can ƙasa. A tagogi wajen 40, 'yan kasuwa da masu sana'a aka zana suna bakin aikinsu. Ga mahauci ya ɗaga gatari kan sa, ga masu burodi ɗauke da kwando, ga 'yan canji da ma'auni kan tebur, ga 'yan garuwa na tsiyaya ruwa, ga mai yadi yana gwada wa mai saye. A ƙarƙashin tagar Nuhu kafintoci ne da masu yin ƙafar keken doki, don aikin katako ne ya haɗa su da mai sassaƙa jirgi. An daɗe ana cewa su ne suka tara kuɗi suka biya tagogin, hoton kuwa tamkar sa hannunsu ne. Sai dai wasu masana tarihi ba su yarda da wannan ɗari bisa ɗari ba. Sun ce tsakanin mutanen gari da malaman cocin akwai tsama kan haraji da iko, har a 1210 jama'a suka yi bore suka far wa gidan shugaban malaman. Ni dai a ganina duka biyun na iya zama gaskiya, don mutum yakan ba da gudummawa yana kuma gunaguni.

Manoma ma ba a bar su a baya ba. Akwai tagar da ta jera watanni goma sha biyu da aikin kowanne: a Fabrairu mutum na jin ɗumi a bakin wuta, a Yuli yana yankan alkama da lauje, a Agusta yana sussuka.

Bari in ɗan tsaya kan taga guda, wadda masu ɗinkin takalma ke ƙasanta, don ka ga yadda ake saƙa ma'ana. Rabinta na ƙasa labarin da Yesu ya bayar ne na matafiyin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka tuɓe shi, suka bar shi rai a hannun Allah. Malaman addini biyu suka wuce ba su kula shi ba, sai wani Basamariye, mutumin ƙabilar da ake ƙyama, ya ɗaure masa raunuka, ya aza shi kan dabbarsa, ya kai shi masauki ya biya. Duk falken da ya taɓa kwana a hanya ya san nauyin wannan labari. To amma rabin sama sai ga Adamu da Hauwa'u, da cin 'ya'yan itacen da aka hana, da korarsu daga gonar Aidan. Me ya haɗa su? A fassarar malaman Kirista na da, matafiyin da aka yi wa fashi shi ne ɗan Adam bayan ya faɗa cikin zunubi, Basamariyen shi ne Almasihu, masaukin kuwa ikilisiya. Har ma an zana Basamariyen da kama irin ta Yesu. Wannan kam sai da mai bayani a gefe, don haka kada mu ɗauka kowane manomi yana ɗaga kai ya gane. Wasu tagogin ma sun yi nisa ƙwarai, ido ba ya iya rarrabe abin da ke ciki.

Su ma waɗannan na nesa ba a banza suke ba, domin shi kansa hasken alama ne. Wani shugaban gidan ibada mai suna Suje, wanda ya sabunta cocin San Dani kusa da Faris aka buɗe a 1144, ya ɗauki hasken da ke ratso gilashi a matsayin misalin hasken Allah da ke shiga zuciya. Shi ya sa daga waje za ka ga tagar duhu-duhu, sai ka shiga ciki rana ta bugo ta sannan launi ya bayyana.

Launin kuwa ba fenti aka shafa ba. Yashi da tokar itace ake narkawa, a zuba ma'adini tun yana ruwa: kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja. A yanka gunduwa-gunduwa, a zana ido da baki da ninkin riga da baƙin haɗi, a gasa, sannan a harhaɗa da sandunan darma.

Ba dukan Kirista ne suka amince da hotuna a wurin ibada ba. A ƙarni na 16 da na 17 masu neman gyaran addini sun farfasa tagogi masu yawa a Ingila da Holan, suna cewa abin ya yi kusa da bautar gumaka, kuma har yanzu akwai ɗarikun da gilashin cocinsu fari ne fes. Na Shartar sun tsira daga wannan, sun kuma tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu, domin a 1939 an kwance su ɗaya bayan ɗaya aka zuba cikin akwatuna aka ɓoye, bayan yaƙi aka mayar da kowace gurbinta.

Da fatan Alhaji ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.