Farfaɗiya da Ƙurajen Fuska: Idan Magani Biyu Suka Haɗu a Jiki Ɗaya

 

Tambayar da aka ɗora mini yau ita ce: me zai faru idan mai shan maganin farfaɗiya ya fara shan maganin ƙurajen fuska? Wani zai ga batun ƙarami ne, amma alƙaluma ba su nuna haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari daga cikinsu suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfin arziki irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da ciwon yana tashi ba, in sun sami magani daidai. Ƙurajen balaga kuwa da wuya matashi ya tsallake su. Akwai ma nau'in farfaɗiyar da ta fi fara bayyana tsakanin shekara 12 da 18, daidai lokacin da fuska ke fesowa da ƙuraje. Abin da nake son in kafa a gabanku shi ne, mai farfaɗiya yana da haƙƙin a yi masa maganin ƙurajensa, kuma ana iya yin hakan lafiya, muddin akwai mutum ɗaya masani da ya ga magungunan biyu tare. Yawancin illolin da zan lissafa suna aukuwa ne saboda wanda ya ba da magani na biyu bai san da na farko ba.

A hanta rigimar take farawa, domin ita ce ke narkar da yawancin abin da muka haɗiya ta fitar da shi daga jini. Tsofaffin magungunan farfaɗiya da aka fi samu a asibitocinmu, wato fenobabiton da aka fara amfani da shi tun 1912, da fenitoyin na 1938, da karbamazefin wanda aka fi sani da Tegretol, duk suna zaburar da hanta ta riƙa aiki da gaggawa. Idan aka ba mai shan ɗaya daga cikinsu doksisaikilin, wanda shi ne kan gaba a ƙwayoyin da ake sha don ƙuraje, lokacin da maganin zai daɗe a jini yakan ragu da kusan rabi. Yaro zai sha wata biyu bai ga canji ba, ya ce jabu aka sayar masa, ya koma neman wanda ya fi ƙarfi. Wannan asarar kuɗi ce da lokaci. Wanda ya fi shi muni shi ne akasinsa. Eritiromaisin, wanda shi ma ake sha don ƙuraje, yana toshe hanyar da hanta ke bi wajen narkar da karbamazefin, sai maganin farfaɗiyar ya taru a jini duk da ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Cikin 'yan kwanaki sai a ga yarinya tana jiri, tana ganin abu biyu-biyu, ta miƙe daga tabarma tana tangaɗi tana dafa bango, ga tashin zuciya, ga barcin da ba ya sakinta. Mutanen gida za su ce ciwon ne ya dawo da ƙarfinsa, wani ya ba da shawarar a ƙara mata ƙwaya, alhali yawan maganin ne ya kayar da ita. Septrin ma, da wasu ke sha don ƙuraje, yana ɗaga fenitoyin a jini ta irin wannan hanya.

Sai babban maganin ƙuraje masu taurin kai, aisotiretinoyin, wanda ake sayarwa da sunan Roaccutane, aka kuma amince da shi a Amurka a 1982. Yana aiki ƙwarai, amma sharuɗɗansa masu nauyi ne. Ba a haɗa shi da doksisaikilin da danginsa, domin haɗin na iya ɗaga matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, ya kawo ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. Yana taɓa hanta, kamar yadda maganin farfaɗiya balfurowet, wato Epilim, ke taɓa ta, don haka mai shan biyun sai da gwajin jini a kai a kai. Babbar matsalarsa ita ce juna biyu, saboda yana nakasa ɗan tayi nakasa mai muni, shi ya sa ba a ba mace shi sai an tabbatar ba za ta ɗauki ciki ba. To a nan ne maganin farfaɗiya yake shigowa ta bayan gida. Karbamazefin da fenitoyin da fenobabiton suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a damtse. Matar aure za ta riƙa shan ƙwayarta kullum ba fashi, ta ɗauka a kare take, sai ciki ya shiga tana kan maganin da zai cutar da jaririn. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan rauni, kuma da an san abin da take sha, da su za a zaɓa mata tun farko. Shi kansa balfurowet, kimanin jariri ɗaya cikin goma da aka yi cikinsa uwa tana shan sa yakan zo da nakasa, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kuma su sami matsalar koyo da bunƙasar ƙwaƙwalwa, abin da ya sa Birtaniya ta tsaurara dokar ba mata shi a 2018. Har ila yau, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, wadda likitoci kan rubuta wa mata don ƙuraje, tana rage maganin farfaɗiya lamotirijin a jini da kusan rabi, farfaɗiyar da ta kwanta shekaru ta farka.

Akwai kuma ƙurajen da ba na balaga ba ne. Karbamazefin da lamotirijin da fenitoyin da fenobabiton kan jawo wa wasu ƙalilan wata mummunar cutar fata, galibi a makonni takwas na farko. Alamarta ita ce ƙuraje su zo tare da zazzaɓi, da gyambo a baki, da jan ido, fata ta fara saɓulewa. Wannan na asibiti ne a ranar, ba a jiran gobe.

Na san a cikin wannan zaure akwai mai cewa, tunda haɗarin ya kai haka, a bar ƙurajen mana, ai ba sa kisa. Niyyar mai wannan magana kyakkyawa ce, sai dai ta manta da abu ɗaya: wasu magungunan farfaɗiyar su ne ke haddasa ƙurajen ko su tsananta su. Fenitoyin yana kawo ƙuraje da kumburin dasashi da gashin fuska ga mata. Balfurowet yana sa ƙiba, yana kuma iya rikita sinadaran jikin mace har ƙuraje su fito, al'ada ta rikice. Budurwa 'yar shekara 17 da ta lura fuskarta ta lalace tun da ta fara wannan ƙwaya, aka kuma ce mata ta yi haƙuri kawai, ba lallai ta yi gardama ba. Za ta daina sha a ɓoye. Dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya kuwa yana iya jawo bugu a jere ba farfaɗowa, ko ciwon ya kayar da ita a bakin murhu ko a bakin rijiya. Ko kuma ta koma ga mayukan bilicin masu sinadarin sitiroyid, waɗanda ke lafar da ƙuraje na ɗan lokaci sannan su dawo da su ninki. Saboda haka kula da fuskarta wani ɓangare ne na kula da farfaɗiyarta.

Wani kuma zai ce a mayar da kowa kan sababbin magunguna irin su lebetirasitam, wato Keppra, wanda kusan ba ya karo da komai. Ga wasu wannan mafita ce ta gaske. Amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, ba kowane gari ake samun sa ba, yana sa wasu saurin fushi da ƙuncin rai, kuma sauya maganin da ya riƙe mutum shekaru yana da nasa haɗarin. Hukunci ne na likita, a hankali ake yin sa, ba a yanke shi don ƙuraje kaɗai.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi shi ne na ɓoyo. A wurinmu har yanzu akwai masu ɗaukar farfaɗiya aikin iskoki, ko su ce ana kamuwa da ita ta yawu, abin da ba gaskiya ba ne. Iyaye suna rufa asirin ɗiyarsu don kada maganar aure ta lalace, ita kuma ba za ta tsaya a kemis ɗin unguwa, gaban maƙwabta, ta ambaci ciwonta ba. Ban ga laifinta ba. Nauyin yana kan mai bayar da magani, kuma tambayar da za ta warware matsalar ba ta buƙatar sunan cuta: akwai wata ƙwaya da kike sha kullum? Idan akwai, a nuna kwalinta. Mai kemis da ya ga Tegretol ko Epilim a hannun abokin cinikinsa, daidai ne ya mayar da eritiromaisin kan kanta, ya tura shi wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna.

Kuma yawancin ƙuraje ba sa buƙatar ƙwayar haɗiya tun farko. Magungunan shafawa irin su benzoyil feroksaid da kilindamaisin da adafalin kaɗan ne ke ratsa fata zuwa jini, don haka ba sa rikici da maganin farfaɗiya, sai dai mai juna biyu ba ta shafa adafalin. Suna buƙatar mako shida zuwa takwas kafin a ga amfaninsu, kuma ya kamata a faɗa wa matashi haka tun ranar farko don kada ya yanke ƙauna a mako na biyu. Idan ba su wadatar ba, sai likitan fata da likitan farfaɗiya su duba takarda ɗaya, su zaɓi maganin sha da adadinsa, su sa ranar gwajin jini, idan mace ce kuma su daidaita maganar tazarar haihuwa kafin ta haɗiyi ƙwayar farko.