Tsohuwar bindiga: abin dubawa kafin a ɗana ta

Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiya

Gidaje da dama a garin nan akwai bindigar gado a rataye, galibi Simplex mai baki ɗaya, ko Robust mai baki biyu, ƙirar Manufrance ta Sent-Etiyen a Faransa. Ƙarfe ne mai kyau, amma ya tsufa, kuma fuskar mai halbi ce ke kusa da shi.

Tsatsar waje ba ita ce abin tsoro ba. Mai da tsumma sun ishe ta. Ku cire harsashi, ku karya bindigar, ku leƙa bututun ta wajen haske. In cikin sumul yake, madalla. In kun ga ramuka kamar zanzana, ko yatsa ya ji kumburi daga waje, ƙarfen ya yi rauni.

Sai wurin da aka fi mantawa: fuskar ƙarfen nan da gindin harsashi ke jingina a kanta, mai ƙaramin rami inda allura ke fitowa ta bugi idon harsashi. Sau da yawa za ku tarar da zobe baƙi ya ci kewayen ramin. Dalili kuwa, maganin da ke cikin idon harsashin dā yana barin wani gishiri bayan ya ƙone. Gishirin ya jawo laimar damana, tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. Shi ya sa bindigar da aka yi ta shafa wa mai shekara da shekaru take ciwuwa ta ƙarƙashi. Ruwan zafi tukuna, a busar sarai, sannan mai.

Zobe marar zurfi muni ne kawai. Amma in bakin ramin ya faɗaɗa ko ya gutsure, ku ɗauko kwankon harsashin da ta halba na ƙarshe. In idon ya huje, ko ya kumbura ya bi ramin, to wuta na komowa baya, wajen idon mutum. A ajiye ta.

Don Allah kada a sa magagari a goge wurin. Duk abin da aka kankare giɓi ne aka buɗe tsakanin fuskar da bututu. Ga gwajin giɓin: ku rufe bindigar babu harsashi, ku cire itacen gaba, ku girgiza ta. In tana kaɗawa, ko haske na ratsa mahaɗin, wannan aikin maƙerin bindiga ne, ba na kowane maƙeri ba.

Ku kuma duba lambar da aka buga a ƙarƙashin bututun. Tsofaffi da yawa 65 ne, wato milimeta 65, alhali harsashin kasuwa galibi 70 ne. Zai shiga, ta rufe lafiya lau, gun halbi ne bakinsa ba zai samu wurin buɗewa ba, ƙarfin wuta ya ƙaru. Wanda bai iya karanta lambar ba ya kawo mini bututun kaɗai bayan an tashi lakwal.