AMOSANIN GAƁƁAI: ABIN DA KE FARUWA CIKIN GWIWA

Maganarmu ta yau a kan ciwon gaɓɓai ne wanda ya fi addabar dattawa, wanda da yawa ke kira sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi. Mata sun fi yawa a cikinsu, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Da farko ya kamata mu san yadda gaɓa take. Duk inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kawunansu, da wani ruwa mai yauƙi da ke shafe su. Guringuntsin nan ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, ruwan kuwa yana ratsa shi ne idan ana motsa gaɓar.

Idan cutar ta kama, sai guringuntsi ya yi kaushi, ya tsattsage, ya riƙa zaizayewa har ƙashi ya fara gugar ƙashi. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, gefen gaɓar ya yi toho, wani lokaci kuma ta tara ruwa ta kumbura. Shi ya sa mutum ke jin zafi wajen tashi daga zaune, ko durƙuso a salla, yana jin gwiwa na ƙara. Da safe gaɓar takan sage, amma ba ta cika kai rabin awa ba ta sake.

Me ke kawo wannan? Akwai tsufa, da gado, da ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da aka ƙara yana ɗora wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Akwai tsohon targaɗe ko karaya da ta taɓa gaɓa, da aikin yawan tsuguno ko ɗaukar kaya, irin na manoma da 'yan dako. Ciwon sikila ma kan lalata ƙashin kwatangwalo tun mutum yana da ƙuruciya. Sanyin hunturu yakan tayar da zafin ga wasu, amma ba shi ke cinye guringuntsi ba.

To, ga abin da muke roƙonku. Kada mai wannan ciwo ya kwanta ya daina motsi, domin tsoka za ta yi rauni, gaɓa ta ƙara sagewa. A riƙa tattaki kullum gwargwadon hali, a rage ƙiba, a riƙe sanda ba tare da jin kunya ba. A guji haɗe-haɗen ƙwayoyin 'yan talla, domin yawan shan maganin kashe zafi kan jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tare da zazzaɓi, a kai mai ita asibiti a ranar.

Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya tattalinsa. Allah ya ƙara mana lafiya.