Malamin Da Ya Koyar Da Fastonmu, Wa Ke Riƙe Da Shi?

(Jawabin da aka gabatar wa dattawa da shugabannin zumunta na ikkilisiyoyinmu a Tudun Wada, Sakkwato)

 

An ba mu magana a kan kuɗi. Mun san da zarar fasto ya ambaci kuɗi sai kowa ya gyara zama ya dafe aljihu. To, ku kwantar da hankalinku, yau ba za a zagaya da kwanon baiko ba. Abin da muke so mu duba tare shi ne wani sashe na aikin Ubangiji da ba mu saba sa shi cikin lissafinmu ba, wato malaman kwalejojin tauhidi, da karatunsu, da bincikensu, da rubutunsu.

Yawancin fastocin da ke hidima a cikinmu daga nesa suka samo horo. Waɗansu sun je Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, TCNN, wadda ikkilisiyoyin TEKAN suka kafa. Ta fara aji a Gindiri a 1959, ta koma Bukuru a 1963. Waɗansu sun je JETS ta ECWA a Jos, wadda aka buɗe a 1980. Akwai na Kagoro, akwai na kwalejin St. Francis a Wusasa. Daga nan zuwa Jos tafiyar yini guda ce, ta Gusau da Funtuwa da Zariya. Muna haɗa wa ɗalibi kuɗin mota da buhun gero, mu yi masa addu'a, bayan shekara huɗu ya dawo mu yi murna. Wannan abu ne mai kyau, kada mu daina. Amma mutumin da ya tsaya a gabansa a aji shekara huɗu yana koya masa Helenanci da Ibrananci da tarihin ikkilisiya, ba mu san sunansa ba, ba mu kuma taɓa tambayar yadda yake ci ba.

Ga yadda yake ci. Kuɗin makarantar da ɗalibai ke biya da gudummawar ɗarika su ne ke riƙe da irin waɗannan kwalejoji, kuma da kyar suke kai wa albashi da wuta da gyaran ɗakunan kwana. Malami yakan koyar da safe, da yamma ya tafi wata makaranta, ran Lahadi kuma yana riƙe da wata majami'a. Ina lokacin zama ya karanta? Ina lokacin rubutu? Sai ka ga takardar darasin da aka ba uba ita aka ba ɗa. Littattafan tauhidi kuma yawanci da dala ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ke sayen littafi uku ya koma sayen ɗaya.

Wani zai ce, ai akwai gwamnati. Gaskiya ne akwai asusun TETFund da dokar 2011 ta kafa, wanda ke tura malamai ƙaro ilimi, yana ba da kuɗin bincike, yana gina ɗakunan karatu. Amma na makarantun gwamnati ne kaɗai. Malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai iya nema, malamin Bukuru ko na Jami'ar Bingham ta Karu da ECWA ta kafa a 2005 ba ya ciki. Wannan ƙofa a rufe take, kada mu ɓata lokaci muna ƙwanƙwasa ta.

Ƙofar da ta daɗe a buɗe ita ce ta 'yan'uwa na ƙasashen waje, kuma wajibi ne mu gode musu. Wani fasto a Landan, John Stott, ya kafa asusun Langham a 1969 domin malaman ikkilisiya na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka su yi digirin digirgir su koma gida su koyar, ya kuma sadaukar da kuɗin da littattafansa ke kawowa don a sama wa fastoci littattafai. A Bukuru an kafa ACTS a 1993 don littattafan tauhidi su samu da araha. A 2006 aka fito da sharhin Littafi Mai Tsarki duka wanda malaman Afirka 70 suka rubuta a ƙarƙashin jagorancin Dakta Tokunboh Adeyemo, ɗan Nijeriya, daga baya aka fassara shi zuwa harsuna da dama har da Hausa. Duk waɗannan albarka ce. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuma daga nahiyoyi uku suke. Sa'an nan wanda ya biya kuɗin bincike, ko bai faɗa ba, tambayoyinsa ne ke zuwa gaba, kuma da Turanci za a amsa su.

Mu kuwa muna da namu tambayoyin. Saurayi ya ba da gaskiya, iyayensa na wani addini, mahaifinsa ya rasu, yaya zancen gādo? Mutum ya zo wurin Almasihu da mata biyu da 'ya'ya goma, me ikkilisiya za ta ce masa a kan baftisma da jibin Ubangiji, kuma me ya sa ɗarika ɗaya ta ce kaza, wata ta ce kaza? Maƙwabci ya tambayi ɗanka a makaranta abin da muke nufi da Ɗan Allah, da wace Hausa zai amsa ba tare da ya ɓata gaskiya ko ya ɓata zumunci ba? Yaya za a yi wa'azin gafara ga jama'ar da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu suka bar gona da rumbu? Ga kuma masu wa'azin wadata da ke shigo mana ta waya suna sayar da mai da ƙyalle. Fasto a ƙauye yana fama da waɗannan kullum shi kaɗai, da Littafi Mai Tsarki a hannu da abin da ya tuna daga aji. Ana bukatar wanda zai zauna shekara ɗaya ko biyu, ya bi nassi a harshensa na asali, ya duba abin da ikkilisiya ta yi a dā, ya zagaya ya saurari dattawa, ya rubuta. Zaman nan shi ne ke cin kuɗi.

Mu da ke zaune a Sakkwato bai kamata a yi mana dogon bayani a kan darajar malami ba. Garin nan da alƙalami aka san shi. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu yawa, Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa don matan karkara su samu. Marigayi Waziri Junaidu ya riƙe wannan gādo har rasuwarsa a 1997. Har gobe maƙwabtanmu suna kai wa malaminsu hatsi da kaka don ya samu zama ya karantar. Bangaskiyarmu dabam ce da tasu, amma a wannan fanni suna da abin koya mana. Kuma a gari irin wannan, ana sauraron wanda ya yi karatu. Ku dubi yadda ake jin maganar Bishop Matthew Hassan Kukah na ɗarikar Katolika tun zuwansa nan a 2011. Ko masu jin haushinsa sun san ya yi digirinsa na uku a Landan, ya kuma rubuta littafi a kan addini da siyasa a Arewa tun 1993.

Tarihinmu ma haka ya nuna. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 aikin shekaru ne na Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, kuma waɗansu masu bi da ba su taɓa ganin Zariya ba su suka ciyar da su. Ƙaramar jama'ar Wusasa ita ta fitar da Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sai Dakta Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya yi karatu a Igbaja, ya zama babban sakataren ECWA, ya gama digirin digirgir a Dallas ta Amurka. Shi ne ya yi ta kira cewa ikkilisiyar Afirka tana yaɗuwa amma tauhidinta ba shi da jini. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Daga kiransa aka samu makarantun tauhidi na Bangui da Nairobi, da hukumar ACTEA mai tantance kwalejoji. Mutum ɗaya ke nan da aka ba dama ya yi karatu.

Mun san abin da waɗansu dattawa ke cewa a zuci. Suna cewa manzanni masunta ne, ba su da digiri. Haka ne. Amma Luka ya faɗa a farkon bishararsa cewa sai da ya bi diddigin kome kafin ya rubuta wa Tiyofalas. Bulus yana kurkuku, yana jiran mutuwa, ya aika wa Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa (2 Timoti 4:13). Galatiyawa 6:6 kuma ta ɗora wa wanda ake koya wa Maganar nauyin mai koyarwa.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ba za mu kuma kauce mata ba. Ana cewa wanda aka ɗauki nauyinsa, da ya sami digiri sai ya wuce Abuja ko ƙasar waje, ya dawo yana wa'azi da Turancin da tsohuwa ba ta ji. Ya faru, mun gani. Maganinsa yarjejeniya ce a rubuce tun farko, da zaɓen mutumin da ya riga ya yi shekaru yana hidima aka san halinsa. Game da tsoron kada a ci kuɗin, maganinsa asusu dabam mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga zumuntar mata, da karanta lissafi a gaban taro kowace shekara.

Ga lissafin da muke so ku tafi da shi. In iyali 200 a cikin ikkilisiyoyinmu suka ware Naira 1,000 kowane wata, a shekara Naira miliyan 2 da dubu 400 ke nan. Manomi ya kawo mudunsa da kaka a sayar. Ba zai gina kwaleji ba, amma zai iya sauke wa malami ɗaya nauyin aikin yamma na shekara guda, ya saya masa littattafai, ya biya masa mota zuwa ƙauyukanmu. Sharaɗinmu biyu ne: ya ɗauki ɗaya daga cikin tambayoyinmu, kuma abin da ya samu ya rubuta shi da Hausa a ƙaramin littafi da mai bishara zai iya saye. Amma ba za mu rubuta masa amsa tun kafin ya fara ba. In bincikensa cikin nassi ya nuna wata al'adarmu ba ta da tushe, sai mu haɗiye mu saurara, don abin da muka biya ke nan.

Ba mu ambaci kwaleji ɗaya ba da gangan, domin a ɗakin nan akwai ɗarika fiye da ɗaya, kuma zaɓen na dattawa ne. Muna roƙo kowace ikkilisiya ta kai maganar gaban majalisarta da zumuntar mata, ta rubuto wa sakatare adadin iyalan da suka yarda da kuma tambayar da ta fi damun ta, kafin a gama girbin bana.